Ko Dattijon Direba Zai Yi Aiki A Ƙarƙashin Yaro?

  

Mas'alar da za mu duba a wannan mako wani tsohon almajirina ne ya kawo mini ita, yaron da na koya wa Nahawu a shekarun baya. Mahaifinsa ya rasu, aka raba gado, shi da ƙannensa suka tashi da manyan motoci 4, waɗanda ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Dawanau ta Kano zuwa Ikko, su komo da kayan masarufi. Shekarunsa 22. Direbobin kuwa mafi ƙanƙanta a cikinsu ya ba shi shekara 15, babbansu ma yana tuƙi a gidan tun ba a haife shi ba. Ya ce da ni: "Allah ya gafarta Malam, tun da aka share makoki biyu daga cikinsu suka fara ja da baya. Ɗaya har ya aiko da makulli, wai shi ba zai zama yaron yaro ba. Shin addini ya ba ni ikon in shugabance su, ko kuwa in sayar da motocin in huta?"

To, mu fara da abin da Shari'a take aunawa. Ba ta auna mutum da furfura wajen riƙon dukiya. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 6, Allah Maɗaukakin Sarki ya umarci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su har su isa aure, in suka ga shiriya a tare da su sai su miƙa musu dukiyarsu. Sharuɗɗa biyu ke nan: balaga da shiriya, watau abin da malaman Fiƙihu ke kira rushdu. A mazhabar Imam Malik, wanda alamun balaga ba su bayyana gare shi ba ana hukunta masa ita idan ya cika shekara 18, rushdu kuwa shi ne iya tattalin dukiya da sanin inda za a sa ta. Ayar da ta gabace ta, ta 5, ita ce ta hana a danƙa wa wawaye dukiya, kuma ba ta ambaci shekaru ba. Sau da yawa akan sami mai shekara 50 wanda alƙali zai ɗaure wa hannu saboda almubazzaranci, alhali ga ɗan shekara 20 cinikinsa yana zartuwa. Saboda haka idan saurayi baligi mai rushdu ya ɗauki direba aiki, yarjejeniyarsu ingantacciya ce, ladan da direban ya karɓa halal ne, babu kuma ƙasƙanci a cikinsa.

Tarihin Musulunci ma ya riga ya ba da amsa a aikace. A shekara ta 11 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaura wa Usamatu ɗan Zaidu tutar rundunar da za ta nufi wajejen Sham, alhali bai wuce shekara 20 ba, a cikin rundunar kuwa har da Sayyidina Umar. Waɗansu mutane suka yi guna-guni. Annabi, yana cikin ciwon da ya yi wafati a cikinsa, ya mayar musu da martani, ya tuna musu cewa haka suka soki shugabancin mahaifinsa Zaidu a da, ya kuma shaida cewa Zaidu ya cancanta. Bayan wafati aka sake kawo wa Sayyidina Abubakar maganar a canja shi da wanda ya fi shi shekaru, ya ƙi ƙememe. Bal ma ya fito rakiya yana tafe a ƙasa, Usamatu yana bisa abin hawa, sa'an nan ya nemi izninsa ya bar masa Umar a Madina domin ya taimake shi. Ka duba fa, ya kai mai karatu: Halifa ne da kansa, mai shekara 60 da 'yan kai, yake neman izni wurin yaron da ya yi jika da shi. Haka nan bayan buɗe Makka a shekara ta 8, Attabu ɗan Asidu aka bar wa riƙon garin yana saurayi, ga dattawan Ƙuraishawa cike da shi.

Amma na gargaɗi almajirin nawa kada ya yi saurin jingina da Usamatu. Usamatu ba gado ne ya ba shi tuta ba. A gidan Annabi ya tashi, yana kuma cikin 'yan kaɗan ɗin da suka tabbata a ranar Hunaini sa'ad da jama'a suka watse. An jarraba shi an gani. Gado yana ba ka mota a dare ɗaya, ba ya ba ka sanin hanya. Hausawa sun ce yaro da gari abokin tafiyar manya, gaskiya ne, amma sun ce abokin tafiya, ba su ce madugu ba.

A nan ne ya kamata mu yi wa direbobin adalci. Na zauna da mutanen tasha, kuma abin da na fahimta shi ne, galibinsu ba ƙarancin shekarun mai mota ke damunsu ba. Wanda ya ɗauki tirela daga Kano zuwa Ikko, tafiyar kilomita wajen 1,000, ransa ya ɗora a kan tayoyin da wani ya saya masa. Tambayoyin da ke cikin zuciyarsa su ne: idan mota ta lalace mini da tsakar dare a daji, in na buga waya, wa zai ɗauka? Idan na ce birki ya yi sanyi, za a kira bakanike ne ko za a ce in lallaɓa? Kuɗin gas da na gyara, za su tsaya a inda marigayi yake ajiye su, ko za su tafi wajen sabuwar motar shiga da hidimar abokai? Wannan ba girman kai ba ne. Jarrabawar nan ce da aya ta yi umarni da ita, direba yake yi da idonsa. Attajirin nan Aliko Ɗangote yana ɗan shekara 20 ya fara kasuwancinsa a 1977, ga shi kuwa dubban direbobi sun tuƙa motocinsa. Wurin da ake biya a kan kari ba ya rasa ma'aikata.

Saboda haka abin da ya wajaba a kan saurayin nan na farko shi ne ya san hukuncin abin da ya shiga. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwar Musulmi. Ɗaukar direba aiki babin ijara ne, watau jinga ko ƙodago, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa tana halatta ne idan an yanke lokaci an kuma ambaci lada. Ga wani wuri da mutanenmu ke yawan tuntuɓe: a mashahurin zancen Malikiyya, idan mutum ya ba wani dabbarsa ya yi sufuri da ita a kan su raba abin da aka samu biyu, wannan ijara ɓatacciya ce, domin ba a san ladan ba a lokacin ƙullawa. Imam Ahmad ya halatta irin wannan, don haka ba mu cewa masu yi sun fita daga zancen malamai. Amma ga yaron da bai riga ya san kuɗin lodi da na hanya ba, mafi kuɓuta shi ne a yanke albashi sananne, a yanke kuɗin abinci na kowace tafiya, a rubuta, a sa shaidu. Abin da mahaifinsa yake ƙullawa da baki saboda amincin shekara 30, shi ba shi da wannan jarin tukuna.

Sa'an nan biya a kan lokaci. Ibnu Majah ya ruwaito umarnin a ba ɗan ƙodago ladansa tun guminsa bai bushe ba. Abin da ya fi wannan ban tsoro yana cikin Buhari, inda Allah da kansa ya ce shi ne abokin husumar mutum uku ranar Alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya cika masa aiki, shi kuwa ya hana shi haƙƙinsa. Haka kuma hadisin Abu Zarri ya hana a ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora masa to a taimake shi. Lodin da ya wuce kima yana cikin wannan, haka nan tilasta wa direba ya juyo ba tare da ya runtsa ba don kawai ana jiran balas. Ran da barci ya fizge shi a kan sitiyari, alhakin rayukan da suka salwanta ba a kansa shi kaɗai yake ba.

Akwai kuma hukuncin da zafin ƙuruciya kan sa a take. Direban da ka ɗauka yana yi maka aiki kai kaɗai amintacce ne a idon Shari'a. Idan taya ta fashe, ko 'yan fashi suka tare hanya, ko inji ya buga ba tare da sakacinsa ba, ba ka da ikon yanke masa albashi. Ba ya ramuwa sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Mai motar da ke mayar da kowace hasara kan direba, ko furfurarsa ta kai ƙirji, ba za a daɗe a gidansa ba.

Game da girmamawa kuwa, riƙon dukiya bai kankare haƙƙin shekaru ba. Hadisin Tirmizi ya cire wanda ba ya jin ƙan ƙanananmu, ba ya kuma girmama manyanmu, daga cikin masu bin tafarkinmu. Na ce da almajirin nawa ya tashi da ƙafarsa ya je gidan dattijon da ya aiko da makulli, kada ya aika a kira shi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya kira shi Baba kamar yadda ya saba tun yana ƙarami, ya ce masa hanyar nan shi ya san ta, ya zama idonsa a cikinta. Kada ya taɓa yi masa gyara a gaban yaran mota. Lissafi kuwa a yi shi filla-filla, domin kunyar da ke hana tambayar kuɗi ita ce ke haifar da zargi daga baya. Ladabi daban, sakaci da amana daban.

Ku kuma 'yan'uwana direbobi, wanda bai ga zai iya ba, yana da ikon ya ajiye aiki idan wa'adinsa ya cika, babu laifi a kansa. Abin da bai halatta ba shi ne ya zauna yana karɓar albashi, kana ya mayar da ƙuruciyar maigidansa ƙofar ci: ya zuƙe gas ya sayar a hanya, ya ɗora lodin da ba a sani ba ya sa kuɗin a aljihu, ya haɗa baki da bakanike a ninka kuɗin gyara. Suratul Ƙasas, aya ta 26, ta siffanta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki da ƙarfi da amana, a cikin ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda shi kansa ya yi shekaru yana ƙodago a Madyana. Balle kuma a gidan da muke magana a kansa akwai rabon marayu a cikin kowace mota, ga kuwa aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kamanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki.

Wannan rabo na marayu shi ne abu na ƙarshe da na ja hankalin almajirin nawa a kai, domin bai ma yi tunaninsa ba. Ƙannensa biyu ba su balaga ba. A mazhabar Malik, zama yaya ba ya ba mutum ikon juya dukiyar ƙannensa. Wannan iko na uba ne, sa'an nan wanda uban ya yi wa wasiyya, sa'an nan alƙali. Tun da marigayin bai bar wasiyya ba, sai ya je gaban alƙali a naɗa shi ko a naɗa wani mai kula da rabonsu, a rubuta kason kowa a cikin motocin, kafin ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da kowane direba da sunansu. Allah ne Mafi sani.