Darasin Kimiyya: Iyaka da Abin da Ke Faruwa Idan an Wuce Ta

Ɗalibai, ku gyara zama, ku fito da rula da littafin rubutu. Darasinmu na yau a kan iyaka ne, wato adadin da abu zai iya ɗauka kafin halinsa ya canja. Za mu yi gwaji biyu a cikin aji, daga nan mu leƙa gona da rumbu da kantin magani, sannan mu duba kalmomin Turancin da ake rubuta gargaɗi da su a jikin kwalabe da buhuna. Da gangan na haɗa kimiyya da Turanci. A gidaje da yawa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan aka sayo maganin feshi ko na zazzaɓi, ɗan makaranta ake miƙa wa a ce ya karanta. Amana ce ke nan a hannunku.

Gwaji na farko: sifirin

Ga sifirin na rataye a jikin ƙusa. Ku auna tsawonsa ku rubuta. Yanzu mu rataya masa nauyin giram 100. A ce ya ƙaru da santimita 2. Idan muka sa giram 200 zai ƙaru da 4, giram 300 kuma da 6. Mu cire nauyin, sai ya koma daidai yadda yake da fari. Wannan ita ce dokar da masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya wallafa a 1678: miƙewar sifirin tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin da aka ɗora masa.

Amma dokar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne zuciyar darasinmu. Mu ci gaba da ƙara nauyi. Akwai inda za mu kai lissafin ya daina fitowa daidai, idan muka ƙara gaba kaɗan kuma muka sauke kayan, sifirin ba zai koma tsawonsa ba har abada. Ƙarfen ya sauya daga cikinsa. Wanda ya taɓa ganin babur da aka jima ana labta wa buhunan masara zuwa kasuwar Sheme ko Dandume ya san yadda bayansa yake zama a ƙasa ko da babu kaya a kai. Ku lura da kyau: giram ɗarin da ya lalata sifirin ba shi da bambanci da giram ɗarin farko. Inda ya faɗo ne ya bambanta.

Gwaji na biyu: gishiri

Ku zuba ruwa giram 100 a kofi, ku riƙa ƙara gishiri kuna juyawa. A zafin ɗaki, wajen giram 36 kawai ruwan zai narkar. Duk abin da ya ƙaru zai kwanta a ƙasan kofi, ko da kun wuni kuna juyawa. Littafinku yana kiran irin wannan ruwa saturated, wato ya ƙoshi. Wannan iyakar ba ta ɓata komai, rarar kawai ake asara.

Gona

Yankinmu yankin masara ne, kuma masara mai cin taki ce. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ga irin ƙasarmu ita ce kilo 120 na naitirojin, kilo 60 na fosfet da kilo 60 na fotash a kowace hekta. Mu yi lissafi tare. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin ukun. Buhu 8 ke nan zai ba mu 60, 60, 60. Saura kilo 60 na naitirojin. Yuriya kashi 46 cikin ɗari ce, don haka buhu ɗaya yana da kilo 23. Ku raba 60 da 23, za ku samu buhu biyu da rabi da ɗan ɗori.

Na sani, damuwar iyayenku a yau tsadar taki ce, da wuya a samu wanda ya wuce wannan adadi a hekta guda. To amma ana iya wuce iyaka a gindin shuka ɗaya alhali gonar gaba ɗaya tana ƙarancin taki. Mutum ya damƙo yuriya ya zuba a jikin kara, ƙasa kuma babu isasshiyar laima. Gishirin takin zai fi ruwan da ke cikin saiwa kauri, ruwa kuma kullum yana ratsa fatar saiwa ne zuwa ɓangaren da ya fi kauri. Maimakon shuka ta sha, sai a zuƙe mata nata. Shi ne ake cewa taki ya ƙone masara. Abin da ya fi shi ne a tona ɗan rami gefe, a saka kaɗan, a rufe. Idan kuma naitirojin ya yi yawa a gonar duka, ganye zai yi duhu gwanin kyau, kara ya yi laushi, iska ta kwantar da ita, rarar kuma ruwan sama ya wanke ta zuwa fadama.

Rumbu da kantin magani

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin rai ne a ciki. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya. Dalilin shi ne wani maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wanda ke cikin irin su Sniper. Iyakar da suka gindaya ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo na wake, a wasu kayan kuwa an samu har miligiram 4.6. Ku raba ku gani: ninki 460. Waken da aka hana shi ƙetare teku, ɗan'uwansa ne muke dafawa a gida. Wannan abu yana damuna ƙwarai, musamman da yake akwai buhun PICS mai rufi uku, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Haka farasitamol. Babban mutum ba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a rarrabe. Wanda ya wuce zai iya jin lafiya ƙalau a ranar farko alhali hantarsa tana lalacewa. Hanta tana da adadin da take iya tacewa, kamar dai sifirin da nauyinsa. Ku tuna kuma cewa magungunan mura da yawa suna da farasitamol a cikinsu, kuma duka ake haɗawa a lissafi. Awon yaro daban ne, da nauyinsa ake yi, ma'aikacin lafiya ake tambaya.

Kalmomin da za ku gani

Ta farko ita ce exceed. Aikatau ce, ma'anarta a wuce wani adadi da aka auna, kuma adadin yana biyo ta kai tsaye: do not exceed 8 tablets. Kuskuren da nake yawan gani a takardun jarrabawa shi ne a rubuta exceed more than. Ba a haɗa su, domin ma'anar "fiye da" tana cikin kalmar tun asali. Akwai kuma wani abu da lissafi ya damu da shi. Wanda ya sha ƙwaya 8 ya kai iyaka, wanda ya sha 9 shi ne ya wuce. Don haka idan tambayar WAEC ko NECO ta ce not exceeding 50, to 50 ɗin tana ciki. Maximum ita ce wannan lambar ta ƙarshe da aka yarda da ita.

Sai excess da excessive, waɗanda suke rikita ɗalibai. Excess rara ce, abin da ya saura bayan buƙata ta biya, kamar gishirin da ya kwanta a kofinmu. A ɗakin gwaji ma da gangan akan ce a zuba wani sinadari in excess don a tabbatar ɗayan ya ƙare. Excessive kuwa hukunci ce, tana nufin yawan ya kai ga cutarwa.

Surpass tana nufin fifiko, kuma galibi a abin yabo ake amfani da ita. Amfanin gonar bana zai iya surpass na bara, amma ba a faɗin haka ga awon magani. Overdose ta magani ce, overload ta kaya ce ko ta lantarki, irin wadda ke ƙona waya idan an jona abubuwa da yawa a soket ɗaya. Overstep ta shafi hurumi da ladabi tsakanin mutane, ba za ku gan ta a jikin kwalba ba.

Aikin gida

Kowa ya nemo kwali ko buhu ɗaya a gidansu, na magani ko na taki. Kwalbar maganin feshi kuwa a karanta ta a inda take, kada a buɗe, kada a kawo ta aji. Ku kwafo jimlar da ta faɗi iyaka, ku ja layi a ƙarƙashin lambar da ma'auninta, ku rubuta ma'anar da Hausa yadda mahaifinku ko mahaifiyarku za su gane. Sannan ku amsa wannan: manomi a Sabuwa yana da rabin hekta na masara, buhu nawa na kamfa kuma kilo nawa na yuriya yake buƙata bisa lissafin da muka yi? Ku nuna yadda kuka samu amsar. Ranar Litinin zan karɓa.