JANYE ISKAR KABON DAGA SAMA: AIKIN WANE NE?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Wunti a birnin Bauchi da sassafe zai tarar gari ya tashi. Masu ƙosai sun hura wuta, masu shayi sun ɗora butoci, motoci da babura suna ta kai da kawowa a bakin kasuwa. Kowace wuta da aka hura, ta itace ce ko ta gawayi ko ta fetur, tana sakin wata iska wadda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya jin warinta. Masana suna kiranta kabon dayoksaid. A wannan takarda za a riƙa kiranta iskar kabon.

Ita wannan iska tana tare zafin rana kusa da ƙasa kamar yadda bargo ke tare ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu, cikin kashi miliyan na iskar sama, kimanin kashi 280 ne nata. A shekarar 1958, da aka fara auna ta a kai a kai a tsibirin Hawayi, ta kai wajen 315. A shekarar 2023 ta wuce 420. Wannan ƙari shi ne babban dalilin ɗumamar duniya, wadda ke tsananta zafin bazara, ta kuma rikita lissafin damina.

Rage hayaƙi shi ne magani na farko. Amma wadda ta riga ta hau sama ba ta saukowa da wuri, tana iya daɗewa ɗaruruwan shekaru. Saboda haka ne ake maganar janye ta a adana.

Turawa sun ƙera injuna domin wannan aiki. A ƙasar Aisilan an buɗe na farko a jerin irinsa masu girma a shekarar 2021, wanda aka tsara ya tsotsi tan 4,000 a shekara a tura ƙarƙashin dutse. Duniya kuwa tana sakin fiye da tan biliyan 35 kowace shekara daga kwal da man fetur da gas. Ga tsada, ga cin lantarki. Ba nan ƙarfin Nijeriya yake ba tukuna.

Injin da ke hannun talaka shi ne itace. Ganye yana shan iskar kabon da rana, ya mai da ita jikin itace da saiwa. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Watau gungumen da ya kai kilo 100 ya janye wajen kilo 180 na wannan iska daga sama. To, amma ajiya ce, ba kyauta ba. Ranar da aka sa masa wuta, ajiyar ta koma inda ta fito. A nan ne buhun gawayi ya shigo magana: a hanyar gargajiya, kafin a sami kilo ɗaya na gawayi sai an ƙone itace ninki biyar ko fiye. Uwargida da ke sayen gawayi a Wunti ba ta da laifi, tuwo ba ya dahuwa da wa'azi. Sai dai kowane buhu yana da kututturen da ya bari a daji.

Ga dalilin da ya sa ma'aikata ɗaya ba za ta iya aikin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwamnati ta yi nata ɓangaren na doka da tsari. A 2015 aka kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta ƙasa, Bauchi kuma tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. A watan Nuwamba na 2021 Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo cewa zuwa 2060 abin da take saki ba zai fi abin da take janyewa ba, a watan ne kuma aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. A watan Disamba na shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Amma doka ba ta ba shuka ruwa. An sha yin bikin dashe, a yi jawabi, a watse, kafin rani ya ƙare awaki sun cinye dashen. Abin da ba shi da mai shi, ba ya ganin damina ta biyu.

Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun nuna wata hanya. Daga 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu, su zaɓi masu ƙarfi, su sassabe saura. Ba rijiya, ba gandun reno. Da hukuma ta sakar wa manomi ikon itacen gonarsa, sai abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Gawo ya yi fice a cikinsu, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, ga taki, ga abincin dabbobi. Abin lura shi ne manomi ya riga masani, masani ya zo ya auna, hukuma ta gyara doka daga baya.

Aikin masana shi ne awo. Ba a cewa an janye tan kaza sai an auna kaurin itace, an ɗebi ƙasa an gwada, an dawo bayan shekaru an ga ko itacen na nan. Irin wannan aiki ya dace da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Akwai kuma wata dabara da ta cancanci gwaji a gonakin jihar: a turara ƙaiƙayin shinkafa ko totuwar masara ko ɓawon gyaɗa cikin ƙarancin iska har su zama gawayi, a gauraya da taki, a binne a gona. Kabon ɗin kan zauna a ƙasa shekaru masu yawa, ƙasar kuma ta ƙara riƙe laima. Kara dai a bar wa dabbobi da danga.

'Yan kasuwa su ma suna da wuri. Murhu mai tattalin gawayi da tukunyar gas mai sauƙin kuɗi, in sun samu a rumfunan Wunti, za su tsare itatuwan da gandi ba zai iya tsarewa ba.

Akwai kuma kamfanoni na waje da ke biyan kuɗi domin kabon da itatuwa suka adana. Irin wannan yarjejeniya takan ɗaure gona shekaru 20 ko fiye. Manomin da aka zo wa da takarda kada ya dangwala hannu sai an karanta masa ita da Hausa a gaban mai unguwa ko hakimi da malamin gona, an faɗi nawa ne rabonsa, yaushe za a biya, da kuma wanda zai mallaki itacen in wa'adi ya cika.