Jirgin da Ya Shiga Ramin Ozon: Nazari Kan Binciken Shekarar 1987

Gabatarwa

Sau da yawa mu ɗaliban Hausa idan aka ba mu aikin fassara labarin kimiyya, mukan tsaya neman kalma alhali ba mu fahimci abin da ake magana a kai ba. To ai wanda bai gane zance ba, ba ya iya mayar da shi wani harshe. Wannan ne ya sa na ɗauko labarin wani bincike da aka yi da jiragen sama a shekarar 1987, domin mu ga yadda masana suke gano gaskiyar abin da ke faruwa can ƙololuwar sama, inda ba mai iya zuwa da ƙafa.

Asalin Matsalar

Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa ce. Hawa na farko shi ne inda muke numfashi, nan ne hadari yake haɗuwa, ruwa ya sauka. Hawa na biyu yana kaiwa wajen kilomita 50 daga ƙasa, kuma a cikinsa ne iskar ozon ta fi taruwa. Aikin ozon shi ne tare wani nau'in hasken rana mai ƙona fata, wanda ke jawo sankarar fata da yanar ido.

Tun a 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka yi gargaɗin cewa sinadaran CFC da ake zubawa a firiji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi suna iya hawa can sama, hasken rana ya farfasa su, su saki kulorin mai cinye ozon. A 1985 kuma Joe Farman da abokan aikinsa biyu daga Birtaniya suka bayyana cewa ozon ɗin da ke saman tashar Halley a Antatika yana raguwa ƙwarai a kowane watan Oktoba. Nan fa gardama ta kaure. Wasu suka ce kulorin ne. Wasu suka ce a'a, kaɗawar iska ce take kwashe ozon daga wurin. Wasu kuma suka ɗora wa sauyin ƙarfin rana laifi. Tauraron ɗan Adam yana nuna ramin, amma bai iya faɗin dalilinsa ba. Ayarin Susan Solomon da ya yi awo daga ƙasa a tashar McMurdo a 1986 ya dawo da hujjar da ta karkata ga kulorin, sai dai masu jayayya ba su sallama ba. Abin da ya rage shi ne a kai na'ura cikin iskar kanta, ta auna abin da ke ciki.

Yadda Aka Yi Binciken

A watannin Agusta da Satumba na 1987 hukumar NASA ta Amurka ta kai jirage biyu garin Punta Arenas da ke kudancin ƙasar Chile. Ɗayan shi ne DC-8, jirgin fasinja da aka cire wa kujeru aka mayar da shi ɗakin gwaji. Masana suna ciki, na'urorinsu suna kallon sama daga ƙasa-ƙasa. Ɗayan kuwa shi ne ER-2, wanda aka samo daga jirgin leƙen asirin nan U-2. Yana iya kaiwa wajen kilomita 20, wato kusan ninki biyu na inda jiragen fasinja ke bi.

Ka dubi halin matuƙin ER-2. Shi kaɗai ne a ciki, injin jirgin guda ɗaya ne, yana sanye da riga irin ta 'yan sama jannati saboda ƙarancin iska. Zai yi sa'o'i a saman teku mai ƙanƙara, in inji ya mutu babu filin sauka kusa. Masu na'urorin kuwa suna ƙasa suna jira, sai jirgi ya dawo su ga abin da aka kamo. Sau 12 jirgin ya kutsa kudu, har wajen digiri 72.

Na'urar da ta raba gardama ita ce ta James Anderson na Jami'ar Harvard, wadda ke auna kulorin monoksaid, wato sinadarin da ke samuwa idan kulorin ya far wa ozon. A ƙarshen Agusta, lokacin da rana ba ta daɗe da dawowa yankin ba bayan duhun hunturu, an tarar da sinadarin ya yi yawa a cikin da'irar iska mai sanyin da ta kewaye Antatika, amma ozon bai taɓu sosai ba. Ranar 16 ga Satumba aka sake bin hanyar. A wannan karon duk inda kulorin monoksaid ya hau, nan ozon ya faɗi. Inda ya sauka, ozon ya ɗaga. A ganina darasin yana cikin wannan maimaitawar. Da tashi ɗaya aka yi, da sai mai jayayya ya ce dace ne. Makonni uku na hasken rana su ne suka nuna wanda ke cin wani.

Me ya sa sai Antatika? Saboda sanyi. Idan awon zafi ya sauka ƙasa da digiri 78 a ƙarƙashin sifili, wasu gizagizai na musamman sukan haɗu a hawa na biyu. A jikin ƙwayoyinsu ne kulorin da ke kwance ba ya ɓarna yake sauya kama, ya jira fitowar rana.

Abin da Ya Biyo Baya

Wani abin mamaki, a wannan rana ta 16 ga Satumba 1987 ne aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal a Kanada. Kada mu yi kuskuren cewa sakamakon jirgin ne ya haife ta, domin sai daga baya aka sanar da shi, kuma rage rabin CFC kawai ta nema. Tasirin binciken ya fito ne a taron Landan na 1990, inda aka amince a daina yin sinadaran gaba ɗaya. Ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya, an ba su wa'adi zuwa 2010. Rahoton masana na 2022 ya yi hasashen cewa ozon ɗin Antatika zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2066.

Irin wannan aiki ya taɓa zuwa kusa da mu. A daminar 2006 jirgin Rasha mai suna Geophysica ya tashi daga Wagadugu, an kuma saki balan-balan masu ɗauke da na'urori daga Yamai da Damagaram, don nazarin yadda hadarin damina ke tura iska can sama.

Matsalar Kalma

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye. Na yi ta cewa "rami" saboda shi kunne ya saba ji, amma raina bai kwanta da shi ba. Rami a ƙasa yake, ana faɗawa ciki. "Huji" ma bai dace ba, tunda ozon bai ƙare ƙurmus a dukkan hawan ba, raguwa ya yi. Abin ya fi kama da tsohon zane da ya sha wanki, tsakiyarsa ta yi shara-shara har ana hango haske ta ciki. Saboda haka ni dai a aikina na fassara "zaizayewar ozon" nake rubutawa, ko da yake malaminmu ya ja mini layi a ƙarƙashinta, ya ce zaizaya ta ƙasa ce da ruwa.