Darasin Kiwon Lafiya: Turofonin, Mai Tsaron Ƙofar Tsokar Zuciya

Zuciya tsoka ce. Duk wanda ya taɓa ganin zuciyar rago a wurin mahauci ya san nama ce ja mai tauri. Ta ɗan Adam girmanta kamar dunƙulen hannunsa ne. Aikinta shi ne ta matse ta tura jini cikin jiki, sa'an nan ta saki domin wani jinin ya shigo. Babban mutum in yana zaune yana hutawa, zuciyarsa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. A kwana ɗaya, dare da rana, bugun yakan kai wajen sau 100,000. Tsokar hannu in ta gaji sai a ajiye fartanya a huta. Ita tsokar zuciya ba ta da wannan dama.

Darasin wannan wata a kan wani ɗan ƙaramin abu ne da ke cikin wannan tsoka. Sunansa turofonin. Shi furotin ne, wato sinadarin da ake gina jiki da shi. Ana samun furotin a wake da gyaɗa da nama da kifi da ƙwai da nono. In an ci, ciki yakan farfasa shi ƙanana-ƙanana. Daga nan jiki ya sake harhaɗa su, ya ƙera irin nasa furotin, iri dubbai, kowanne da aikinsa.

Yadda tsoka ke matsewa

In an sa tsokar zuciya a madubin ƙara girma mai ƙarfi, za a ga zare iri biyu a jere. Akwai mai kauri, ana kiransa mayosin. Akwai siriri, ana kiransa aktin. An shirya su ɗaki-ɗaki. Saboda ƙanƙantar ɗakunan, sai an jera wajen 500 kafin su cika milimita ɗaya, wato tazarar ƙananan zanen nan na jikin rula.

Zare mai kauri yana da 'yan hannuwa da yawa. Sukan kama siririn zare su ja, su saki, su sake kamawa a gaba, kamar yadda ake jawo guga daga rijiya hannu bayan hannu. A shekarar 1954 masana suka gano cewa zaren kansa ba ya gajarcewa. Zamewa yake yi, wani ya shige tsakanin wani, sai tsoka duka ta tattaru. Ƙarfin wannan ja daga abinci yake zuwa, da kuma iskar da ake shaƙa, wadda jini ke kai wa tsoka.

To amma akwai matsala. In an bar hannuwan nan suna kama zare kullum, zuciya za ta matse ta ƙi saki. Zuciyar da ba ta saki ba ba za ta cika da jini ba, ba ta kuwa da abin da za ta tura. Ke nan saki ma aiki ne, muhimmancinsa bai gaza na matsewa ba. Dole a sami ƙofa, a sami mai tsaronta.

Ƙofar wani dogon furotin ne mai suna turofomayosin. Yana kwance a kan siririn zare, ya rufe wuraren da hannuwa za su kama. Mai tsaron ƙofar shi ne turofonin. Siririn zare kamar tsakiya biyu ce da aka murɗe, kuma bayan kowane ƙwaya 7 akwai turofonin guda a zaune.

Mabuɗin ƙofar

An san mabuɗin tun kafin a san mai tsaron. A birnin Landan akwai wani likita mai suna Sydney Ringer. Yakan cire zuciyar kwaɗo ya sa ta a ruwan gishiri, ta ci gaba da bugawa awa da awanni. Ashe mai taimaka masa da ruwan famfo yake haɗa ruwan gishirin. Da aka haɗa shi da tataccen ruwa wanda ba kome a cikinsa, ba a jima ba zuciyar ta raunana ta tsaya. Ringer ya bincika, ya tarar akwai kalsiyam a ruwan famfon. Ya bayyana haka a 1883. Kalsiyam shi ne sinadarin da ke cikin ƙashi da haƙori da ɓawon ƙwai.

Sai bayan shekara 82, a 1965, wani masani ɗan ƙasar Japan mai suna Setsuro Ebashi ya gano furotin ɗin da kalsiyam ke kamawa, ya sa masa suna turofonin. A farkon shekarun 1970 aka tabbatar cewa kashi uku gare shi, a manne da juna. Ana kiransu da haruffa. Kashin C shi ke karɓar kalsiyam. Kashin I shi ne sakata, shi ke hana ja. Kashin T kuwa shi ke ɗaure sauran biyun a jikin ƙofa.

Ga yadda bugu ɗaya yake faruwa. Akwai wani wuri a ɗakin sama na dama na zuciya da ke aika ɗan saƙon lantarki. Da saƙon ya iso, sai kalsiyam ya kwararo cikin ƙwayar tsoka. Ya hau kashin C. Kashin C ya sāke siffa, ya janye kashin I. Sakata ta zare ke nan. Ƙofa ta gusa gefe, hannuwa su kama su ja, zuciya ta matse. Nan da nan a kwashe kalsiyam a mayar da shi ma'ajinsa, ƙofa ta koma ta rufe, zuciya ta saki. Duk wannan bai cika daƙiƙa ɗaya ba.

In kare ya biyo mutum, jiki yakan saki wani sinadari mai suna adiranalin. Cikin ayyukansa har da taɓa kashin I, yadda kalsiyam zai riƙa sauka da wuri. Shi ya sa zuciya ke iya bugawa da sauri, ta kuma sami sararin cika a tsakanin bugu da bugu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa yawan cin abu mai kalsiyam zai ƙara wa zuciya ƙarfi. Jiki da kansa yake auna wanda ke cikin jini. Kanwa kuwa ba kalsiyam ba ce. Danginta gishiri, kuma yawanta yana cutar mai hawan jini.

Abin da ya sa likita ke nemansa a jini

Mazaunin turofonin cikin tsoka ne. A jinin mai lafiya kusan babu shi. Amma zuciya tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. In ɗaya ta toshe, sashen da take ciyarwa zai rasa iska, ya fara mutuwa. Ƙwayoyin tsoka su fashe, turofonin ya zubo cikin jini. Kashin I da kashin T na zuciya sun bambanta da na tsokar hannu da ƙafa. Saboda haka in an gan su da yawa a jini, an san daga zuciya suka fito.

Wani likitan ƙasar Jamus, Hugo Katus, shi ya ƙirƙiro awon kashin T a shekarun 1980. A shekarar 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka amince da awon turofonin a matsayin babban awon jini na gane wannan ciwo. Yakan fara hawa 'yan awoyi bayan toshewar, ya daɗe a jini har mako ɗaya zuwa biyu. Don haka likita yakan ɗebi jini, ya jira 'yan awoyi, ya sake ɗiba. Majinyaci da danginsa su yi haƙuri da wannan, ba neman kuɗi ba ne. Ciwon ƙoda da kumburin tsokar zuciya su ma suna ɗaga turofonin, shi ya sa ake haɗawa da awon lantarkin zuciya da kuma bayanin majinyaci.

Tsokar zuciya in ta mutu ba ta tofowa. Tabo ne yake maye gurbinta, tabo kuwa ba ya matsewa. Wanda ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora masa buhun gero, ya wuce 'yan mintoci bai tafi ba, kada ya jira gari ya waye. Wani lokaci ciwon yakan sauka hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, tare da zufa mai sanyi da haki. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari wani sa'in ba sa jin zafi sosai, sai kasala da tashin zuciya da ƙarancin numfashi. Mutane da yawa sukan ce gyambon ciki ne, su sha jiƙo su kwanta, alhali kowace awa tana cin tsoka. Kada majinyacin ya taka da ƙafa ko ya tuƙa keke. A ɗauke shi a mota. Ƙaramin asibitin karkara ba lalle ne yana da awon ba, sai a nemi ma'aikacin lafiya ya tura shi babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Masu hawan jini da masu ciwon sukari da masu shan taba su suka fi shiga wannan haɗari.

Akwai kuma wanda ake haifa da turofonin mai tangarɗa, ya gada daga uwa ko uba. Bangon zuciyarsa yakan yi kauri fiye da kima. Gidan da matashi ya taɓa faɗuwa ya rasu farat ɗaya, ba jinya, ya kamata 'yan'uwansa na jini su je a duba zukatansu.

Aikin aji

Kowane mai koyo ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasa da babban yatsa. Malami ya duba agogo, a ƙirga bugun minti ɗaya, a rubuta adadin a littafi. Sa'an nan a zaga aji da sauri sau uku, a sake ƙirgawa, a ɗebe na farko daga na biyu. Bayan haka a rubuta amsar waɗannan: Mene ne aikin kashin C? Don me likita yake ɗibar jini sau biyu?