Ina Likitan Haƙori Zai Koyi Kasuwanci?

Gabatarwa

Ɗalibin likitancin haƙori a Nijeriya yakan shafe shekara 6 a jami'a, ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya tafi hidimar ƙasa. A tsawon wannan lokaci yakan ƙware wajen ciko da cire haƙori da gyaran dasashi. Amma ranar da ya buɗe asibitin kansa sai ya tarar da kuɗin haya da albashin ma'aikata da man janareta da haraji suna jiransa, alhali ba a yi masa jarrabawa a kansu ba. Wannan maƙala za ta nuna wa mai karatu inda ake samun wannan ilimi.

Lissafin da ya wajaba a sani

Mu ƙaddara cewa haya da albashi, har da na likitan kansa, da wuta da abin da ake warewa domin sauya kujerar aiki idan ta tsufa, sun kama Naira 900,000 a wata. Wannan kuɗi sai an biya shi, ko an ga majiyyaci ko ba a gani ba. Idan kowane majiyyaci yana biyan Naira 15,000, kayan da aka yi masa aiki da su kuma sun ci Naira 5,000, to saura Naira 10,000. Ke nan sai an duba mutum 90 a wata kafin a fara maganar riba. Likitan da bai san wannan adadi ba yana iya cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci.

Wuraren koyo

Na farko shi ne jami'ar kanta. Darasin koyon sana'a da dogaro da kai wajibi ne a jami'o'in Nijeriya, sai dai ɗalibai da yawa sukan ɗauke shi abin a ci jarrabawa a wuce. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai Tsangayar Likitancin Haƙori, akwai kuma Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote. Wanda aiki ya riƙe yana iya karatu daga gida ta Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya.

Na biyu shi ne hukumomin gwamnati. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, tana horar da masu ƙananan sana'o'i kan tsara kasuwanci da adana lissafi. Hukumar CAC ke yi wa kamfanoni rajista, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Haka nan ya kamata a fahimci dokar inshorar lafiya ta 2022, domin kuɗin mai inshora ba ya shigowa ranar da aka yi aikin.

Na uku, wanda ya fi sauran albarka, shi ne zama ƙarƙashin likitan da ya daɗe yana tafiyar da asibitin kansa. A nan ne ake ganin yadda ake yanka farashi, da inda ake sayen kaya masu inganci, da wanda ake kira idan na'ura ta tsaya, da yadda ake magana da majiyyacin da kuɗinsa bai kai ba. Mai koyo ya nemi izinin duba littafin shiga da fitar kuɗi, kada ya tsaya a gefen kujerar aiki kawai.

Kammalawa

Kasuwancin likita yana da iyaka. Ƙa'idojin majalisar likitoci ta MDCN sun taƙaita talla, sun kuma fifita lafiyar majiyyaci a kan kuɗi. A nan ma lissafi yana da rana, domin likitan da bashi ya yi wa katutu shi ne ya fi fuskantar jarabar yin aikin da ba a buƙata. Idan kuwa asibitin ya rufe, mutanen unguwa sukan koma hannun masu cire haƙori a kasuwa. Saboda haka a fara koyo tun ana ɗalibta, don ba a fafe gora ranar tafiya.