Ɗana, Kafin Ka Miƙa Takardar Neman Tallafin Nan

 Na ji kana shirin neman tallafin kuɗi don halartar taron horo kan yadda gidajen tarihi ke adana kayansu da kwamfuta da hoto da intanet. Na yi murna ƙwarai. Ba kullum ake samun ɗan Gure da ya gama jami'a a Damagaram ya juyo ya dubi tsofaffin kayan gida da idon daraja ba, yawanci ofis ake hange a Yamai. To ba ni hankalinka.

Ka san yadda ake ɗaukar irin wannan tafiya a wajenmu. Da an ce akwai horo, tambayar farko ita ce nawa ne kuɗin zama, ta biyu kuma wane otel za a sauka. Mutum ya je, ya dawo da jaka da riga da takardar shaida, ya rataye ta a bango, magana ta ƙare. Ba na ganin laifin mai bukata, rayuwa ta yi tsada. Amma kuɗin da za a ba ka amana ne. An ware su domin wani abu da ke gab da salwanta ya tsira, kuma duk kujerar da ka hau, akwai wani daga Difa ko Dosso da ya nema bai samu ba.

Masu bayarwa suna nan, ba ɓoye suke ba. Ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, wadda aka kafa a 1946, tana ba matasan mambobinta tallafin tafiya zuwa tarukanta, kuma tun 2013 tana da cibiyar horo a birnin Bejin na Sin. Kusa da mu akwai makarantar EPA a Porto-Novo ta ƙasar Benin, tun 1998 take horar da ma'aikatan gidajen tarihin Afirka, da Faransanci kuwa, harshen da ka yi karatu da shi. Gidauniyar ALIPH da ke Jeniba, wadda aka kafa a 2017, tana taimakon kayan tarihi a wuraren da rikici ya shafa. Babban ɗakin karatu na Ingila shi ma yana da shirin ɗaukar hoton tsofaffin takardu tun 2004, bisa sharaɗin asalin takardun su zauna a ƙasarsu. Sharuɗɗa na canzawa shekara zuwa shekara, saboda haka ka karanta sanarwar a shafin masu ita, kada ka dogara da wadda aka yi ta turawa a WhatsApp. Duk wanda ya ce ka ci tallafi amma sai ka fara aika kuɗin rajista, ɗan damfara ne, ko da takardarsa na ɗauke da hatimi goma.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu tantance takardu suna karanta ɗaruruwa, kowacce na cewa mai ita yana ƙaunar al'ada kuma yana son ƙarin ilimi. Wannan ba ya motsa kowa. Abin da ke tsayar da ido shi ne mutum ya ce ga abin da ke garinmu, ga abin da ke cinye shi, ga ɗan abin da na riga na fara da hannuna, ga inda na maƙale.

Kai kuwa kana da abin faɗa. Gure ita ce fadar masarautar Muniyo a zamanin sarkinta Muniyoma Koso, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a nan a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Abin da ya rubuta game da garinmu, yau ɗalibi a kowace ƙasa na iya buɗe shi a intanet. Labarin da ke bakin tsofaffinmu game da wannan zamanin fa, wa ke iya buɗe shi? Duk dattijon da aka kai makwanci ya tafi da nasa kason. A arewacinmu, can dutsen Tarmit, masu bincike sun gano wuraren narkar da ƙarfe da ake lissafawa cikin mafi daɗewa a Afirka. A kwarurukanmu ana aikin kanwa da gishiri da dabino da kayan aiki irin na kakanni. Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, kowa da nasa. Akasarin waɗannan kaya ba a cikin gilashi suke ba kamar na gidan tarihin Boubou Hama da aka buɗe a Yamai a 1959. Suna cikin adaka a ƙuryar ɗaki, suna rataye a zauren sarki, suna cikin gafakar malam.

Da gafakar za ka fara. Ka je wajen malamin unguwarku, ka gaida shi yadda ya kamata, ka nemi izini. In ya yarda, ka yi alwala kafin ka taɓa, in Alƙur'ani ne. Irin rubutun Barno ba ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne, in ka hargitsa jerin ka jawo wa mai shi aikin wata guda. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa da hantsi, inda iska ba ta kaɗawa, ka ajiye ma'auni a gefe, ka riƙe salula daidai saman takardar, ban da walƙiyar fitila. Ka ɗaga warƙa ɗaya, ka ɗauka, ka kife ta a hagu, ka ɗauki bayanta. Za ka ga inda gara ta ci gefe, inda ɗigon rufi ya narkar da tawada, inda wani almajiri da ya daɗe da rasuwa ya yi ƙaramin sharhi tsakanin layuka. Shi ma ka ɗauke shi, wataƙila ya fi komai daraja.

Hoto kaɗai ba ya wadatarwa. Akwai tsari mai sauƙi da ake kira Object ID, tun 1997 ake aiki da shi a duniya: mene ne abin, da me aka yi shi, tsawonsa da faɗinsa, wane rubutu ko tabo ke jikinsa, wa ya yi shi, a wane zamani. Ka rubuta wannan a littafi da biro, ka ba kowane abu lamba, ka sa wa hoton lambar. Ka ƙara da abin da na fi so, wato muryar mai kayan yana ba da labarinsu da harshensa, Barbarci ne ko Fulatanci ko Hausa. In ka haɗa abu ashirin ko talatin a haka, takardarka ta riga ta rubuta rabin kanta. Kuma ka faɗi gaskiya a ciki. In ba ma'aikacin gidan tarihi ba ne kai, kada ka ari muƙamin. Ka nemi wasiƙar shaida daga malaminka na jami'a ko daga magajin gari, wanda ya ga aikin da idonsa.

Lissafin kuɗi ma ka yi shi tsakani da Allah. Sau da yawa tallafi na biyan jirgi daga babban birni ne kawai, alhali daga Gure zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000, da kuɗin mota da kwana da abinci. Ka rubuta wannan ƙarara, ka tambaya ko ya shiga, babu kunya a ciki. Fasfo da katin rigakafin shawara ka nema tun yanzu. Ka adana kowane rasit.

In Allah ya sa ka samu, za su nuna maka na'urori masu tsada da ke juya tulu a fuskar kwamfuta kamar yana hannunka. Ka kalla, ka koya, amma tambayarka ta zama ta ɗan Gure: in wuta ta ɗauke fa? In ƙura da zafin bazara suka kashe na'urar fa? A ina zan ajiye kofe na biyu da na uku, don kada ɓatan salula ɗaya ya tafi da aikin shekara? Ka tuna tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, wanda ruwan sama ya rushe a watan Satumba na 2024. Ka tuna Timbuktu, inda aka ƙona dubban littattafai a cibiyar Ahmed Baba a watan Janairu na 2013, sauran kuwa da aka kwashe zuwa Bamako aka bi su ana ɗaukar hoto shafi-shafi. Abin da aka auna aka ɗauka kafin masifa ana iya gyara shi ko a karanta shi bayanta.

Sai dai ba komai ake watsawa ba, kuma ina so ka ɗaga wannan magana a zauren horon ko ba a tambaye ka ba. Akwai takardun asiri na gida, akwai kayan sarauta da ba a fitar da su sai ranar naɗi. Mai abu shi ke cewa wannan a nuna, wannan a ajiye, kuma shi ne farkon wanda za ka kai wa kofe. Wuraren tarihi na daji kuwa kada ka wallafa ainihin inda suke. Da sunan tukwane da mutum-mutumin Bura na yammacin ƙasar nan ya fita duniya, masu haƙar sata suka afka wa wuraren, har ICOM ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Ba na fatan mu ga haka a Tarmit ko a duwatsun Kutus ta dalilin hoton ɗanmu.

Da ka dawo, ka aika rahotonka kan lokaci, domin ta kansa ne za a buɗe wa na bayanka ƙofa ko a rufe. Ka tara matasa biyar ko shida, da ƴan mata a ciki, tunda su ke shiga ɗakunan da kai ba ka shiga, inda tsofaffin ƙore da tasoshi da kayan aure suke. Ka koya musu duk abin da ka koyo, kada ka rage komai. In kuma ba a ɗauke ka bana ba, kada ranka ya ɓaci, ka ci gaba da littafinka da salularka, ka sake nema baɗi da abu ɗari a hannu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ka je wajen malam ka nemi izinin nan. In kana jin nauyinsa, ka biyo ta gida mu tafi tare.