Nasiha ga Iyayen Masu Shiga Kwalejin Al'umma a Amurka

Ya ku iyaye mazauna Amurka, waɗanda 'ya'yanku ke ajin ƙarshe na sakandare, ku sani kwalejin al'umma, ko da yake ƙofarta a buɗe take ga kusan kowa, kuɗinta kuma bai kai na jami'a ba, tana bukatar tanadi tun kafin a kammala sakandare. Wajibi na farko shi ne cika takardar FAFSA da wuri, domin ta nan ake samun tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne. Sa'an nan, da yake kwalejoji da dama sukan jarraba ɗalibi a Turanci da lissafi, wanda ya yi sakaci da muraja'a akan tura shi azuzuwan share fage, waɗanda galibi ba a ƙidaya su cikin digiri.

Digirin shekara biyu yakan bukaci kiredit 60; saboda haka mai ɗaukar 12 a zango, alhali 15 ake so, ba zai gama a kan kari ba. Mai niyyar wucewa jami'a kuwa, lalle ya zauna da jami'in shawara tun zangon farko, ya tabbatar darussansa karɓaɓɓu ne a can. Allah ya sa albarka.